Majigi da Farin Yadin Inna

Ni ba mai son kallo ba ce. Ko a ƙuruciyata, in aka kunna fim ina zaune, kafin a gama rubutun farko na fara gyangyaɗi. Shi ya sa duk wanda ya ji cewa ni ce na sayar da awakina na sayi majigi sai ya riƙe baki. Ba don nishaɗi na saya ba. Na saya ne don in tsare ɗana a gida bayan magariba.

Shi ne na fari, ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan kira ba. A lokacin gashin baki ya fara tsiro masa, muryarsa ta buɗe, ya kuma gano wani gidan kallo a can bakin gari, ta wajen hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. A ɗaki ɗaya ana nuna ƙwallon Turai, a ɗayan ana buga gem, wasan nan na talabijin. Da an sallame magariba sai takalmansa su ɓace daga ƙofar masallaci. Ba a jima ba ƙanensa ya fara bin sa.

Da a wani zamani ne da ban damu ba. Amma tun da aka sace 'yan makarantar nan a Birnin Yauri, babu uwar da ke cin tuwon dare da daɗi a ƙasar nan in ɗanta yana waje. Ƙarar babura in ta yi yawa sai in fito tsakar gida in kasa kunne. Wata rana aka yi ihun ƙarya wai an ga mutane da bindigogi ta bayan gonaki. Gari ya ruɗe, masu shayi suka bar tukwanensu a wuta, kowa ya faɗa gida ban da nawa biyu. Ashe mai gidan kallon ne ya kulle su a ciki ya kashe janareta. Da suka shigo ban san sa'ar da na ɗauki muciya ba.

Na yi duka, na yi faɗa, na yi kuka, na sa kwaɗo a ƙofa. Katangarmu gajera ce. Ubansu kuwa falken albasa ne, rabin shekara yana bisa mota tsakanin nan da kudu, faɗansa ta waya yake zuwa, kuma faɗan waya bai taɓa hana yaro tsallake katanga ba. Gidan daga ni sai yaran, sai Inna, mahaifiyar maigidan, wadda take ɗakinta na kusa da rijiya tun kafin a kawo ni.

Tsakanin Inna da babban yaron akwai wasan jika da kaka irin mai zafin nan. Ita tana ce masa maigidanta. Shi kuwa in ya shigo daga makaranta ba ya ajiye jaka sai ya leƙa ɗakinta.

"Tsohuwa mai ran ƙarhe, har yanzu kina nan? Yaushe za ki tahi mu sha gumba?"

"Sai na ga matarka na raina mata miya, mijin banza wanda bai san kuɗin cehwane ba."

Kullum haka suke. Ni dai nakan kawar da kai in ci gaba da aikina, don ba a sa baki a wasan jika, ko da maganar tana sosa maka rai.

Ƙanena da ke Sakkwato ne ya kawo shawarar. Na kira shi ina kuka a waya, ya ce, "Yaya, tunda ba ki iya hana su zuwa gidan kallo, kawo musu gidan kallon cikin gida." Ya ce akwai majigi na zamani, ana jona shi da waya a kalli ƙwallo da fina-finai, ana jona masa akwatin gem, kuma batirin solarmu zai ɗauke shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi shigata, don muna zaune a bakin ruwan da ke ba ƙasa wuta amma mun fi kowa sanin duhu. Na kai awakin kasuwa, na tura masa kuɗin, ya sayo ya ba wani direba.

Ni majigin da na sani a bakin Inna na san shi. Takan ba da labarin wata mota da ta je ƙauyensu tana yarinya, kafin a datse kogi don wutar lantarki ruwan tafki ya cinye shi. Aka sauke wani inji mai girman injin niƙa, aka kafa sanduna biyu aka ɗaura farin ƙyalle, aka nuna musu irin gidajen da za a mayar da su. Da wannan hoton a kaina na tafi tasha, har na ɗauki mai baro tun daga bakin titi. Direban ya buɗe gaban mota ya miƙo mini wani kwali da hannu ɗaya. Na ce ina sauran? Ya ce shi ke nan. Na tsaya riƙe da awakina duka a cikin abin da bai kai kwanon tuwo ba, mai baro yana kallona yana danne dariya. Na sallame shi, na sa majigin a jakata na taho gida raina a ɓace, ina shirya zagin da zan yi wa ƙanena.

Ranar Asabar da rana muka gwada shi. Yaran suka rufe tagogin falo da barguna, suka jona wayoyi, suka kunna. Haske ya faɗa a bango, sai muka ga ta'asa. Bangon falona koren fenti ne mai ƙyalli, wanda na zaɓa da kaina ina alfahari. Filin ƙwallo kore, bango kore, fuskokin 'yan wasa kore, ƙwallon ma sai an ƙura ido. Muka rataya zanen gado, furanninsa suka fito a goshin mutane. Muka gwada buhunan taki, rubutun jikinsu ya hau kan komai. Gidan kaf babu wani abu fari mai faɗi.

"Mama, wanga ba ya yi," in ji babban.

Na ce su yi haƙuri, ranar kasuwa zan yanko farin yadi. Ya ce to. Amma a ranar akwai wani babban wasa da yamma, duk unguwa shi ake zance, kuma na ga idonsa ya sauka a kan takalmansa da ke bakin ƙofa. Ranar kasuwa da sauran kwanaki. Na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban 'ya'yana.

Inna tana zaune a bakin ƙofar falon tun farko, tana kallon wahalarmu. Sai ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗakinta. Na ji ƙarar murfin adakarta. Ta jima, sannan ta fito rungume da farin yadin alawayyo a ninke, sabo fil, yana ƙamshin kafur da turaren wuta.

"Ga shi," ta ce. "Amma da sharaɗi. Ba a yanka shi, ba a buga mai ƙusa, kuma wanda bai wanke hannu ba kash shi taɓa."

Ta zauna a tabarma ta sa aka miƙo mata basilla da zaren ɗinkin buhu. Yadin dogo ne, faɗinsa kaɗan. Yadda ta ninka shi ta jera shi gefe da gefe har ya yi faɗin bango ba tare da almakashi ba, har yau ban gane ba. Ta bi shi da manyan ɗinki irin na bakin buhun albasa, ta naɗe samansa a kan igiya. Ni da na koyi ɗinki abin ya tsone mini ido. Na ce, "Inna, kawo in bi shi da keke, ya hi kyau."

"Bar shi haka, ɗiyag ga," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ban tambaye ta inda ta samo shi ba. Adakar tsohuwa babu abin da ba a samu a ciki, kuma ba kowace tambaya ake yi wa suruka ba.

Da aka ɗaure igiyar aka sake kunnawa, sai da na ja da baya. Ga mutane tsaye a falona, tsawonsu ya kai na ɗana, gumi yana sheƙi a wuyansu, ciyawar filin ana iya ƙirga ta. Ƙaramin ya miƙa hannu zai taɓa, Inna ta daka masa tsawa ya je ya wanko shi. Nan take na yafe wa ƙanena. Aka yi magariba, suka tafi masallaci, na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙofa. Sai ga su sun dawo da gudu, da abokansu a baya.

Daga ranar gidana ya koma gidan kallo. 'Ya'yan maƙwabta suka cika mini falo, iyayensu mata suna aiko mini da gyaɗa da godiya, don su ma nasu sun daina zuwa bakin gari. Ranar da babu ƙwallo sai gem, su riƙe abin latsawa suna murza shi suna cije leɓe. Wani lokaci a sa fim. Inna ba ta fashi. Tana da wurinta a gefe, ita da carbinta da goronta, kuma duk wanda ke karawa da maigidanta a gem shi take goyon baya. "A ci shi, a ci shi, ragon miji," sai falo ya ɗauki dariya. Ta fi son fim mai teku, wai tana so ta ga ruwan da ya fi namu. Ni kuwa in na leƙa na ƙirga kawuna na ga nawa a ciki, sai in koma ɗaki in miƙe ƙafa. Zancen yanko yadi a kasuwa ya fita daga kaina gaba ɗaya. Damina ta wuce muna haka, aka cire albasa, aka sake shukawa.

Inna tana da ƙanwa a Warra, muna ce mata Hajiya Ƙarama, tare suka je aikin hajji shekarun baya. Wata ranar kasuwa ta biyo jirgin ruwa ta zo mana da bandar kifi. Da rana ne, yaran sun rufe tagogi suna gem, Inna tana wurinta. Na kai baƙuwa falo na kawo mata ruwa. Suna gaisawa tana kallon bango tana mamakin girman mutanen. Can sai na ga ta ƙura wa yadin ido. Ta ajiye kofin, ta miƙe ta shiga cikin hasken, ƙwallo yana yawo a bayan mayafinta, yaran suna cewa ta kauce. Ta duƙa ta kama kusurwar yadin ta ƙasa. Akwai wasu ɗige-ɗige uku na jan lalle a wurin, na sha ganinsu, na ɗauka tabo ne. Ta kai yadin hancinta ta shinshina, sannan ta juyo ta dubi Inna.

"Yaya, wanga ba likkahwaninki na ba?"

Babu wanda ya motsa. Mutanen bango ne kawai suka ci gaba da gudu, mai sharhi yana ta surutunsa.

"Shi na," in ji Inna, ta gutsuri goro.

Hajiya Ƙarama ta juyo gare ni. Ta ce tare suka sayo su a Makka, nata da na yayarta, suka jiƙa su da ruwan zamzam suka shanya. Don kada su cakuɗe, Inna ta ɗiga wa nata lalle, ita ta ɗaura wa nata baƙin zare. Nata yana ƙasan akwati, ko 'ya'yanta ba su san inda yake ba.

Na zauna a ƙasa daɓas. Duk abin da aka nuna a kan yadin nan ya dawo mini. Dambe, harbe-harbe, mata masu rawa ciki a waje, ihun yara in an ci ƙwallo. Ni kaina na sha zama a gabansa ina ɓare gyaɗa ina dariya. Tufar da za a naɗe uwar mijina a ciki, ita na rataya a falona wata da watanni. Na tuna sharuɗɗan nan nata, kada a yanka, kada a buga ƙusa, a wanke hannu. Na tuna ƙamshin kafur. Komai yana gabana ban gani ba. Sannan na tuna bakin mutane, don ko a lokacin tashin hankali ba a manta shi: za a ce matar ɗa ta ƙosa, har ta fito da likkafani ta shanya.

Zuciyata a kusa take, kowa ya sani. Na tashi na fizge wayar majigin daga batir, na kori 'ya'yan mutane, na kwance igiyar. Na ninke yadin na durƙusa na ɗora mata a cinya. A durƙushen nake, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya irin ta ranar ba.

"Inna, mi na yi miki? Don mi kinka bar ni cikin wanga abu ba ki hwaɗa min ba?"

"Da na hwaɗa miki, kina yarda?"

"Ba ni yarda."

"To kin gani."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta rungumi kayanta ta koma ɗaki, ƙanwarta ta bi ta tana faɗa ƙasa-ƙasa. Na waiwaya na ga babban yaron tsaye jikin ƙofa, abin latsawa yana hannunsa har lokacin, fuskarsa ta yi fari fat.

A ranar, kafin kasuwa ta watse, na je na yanko sabon yadi. Na bi shi da keke, ɗinki mai kyau, na rataya. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. 'Ya'yan maƙwabta suka dawo, ƙaramin ma ya zauna, amma babban ya ƙi shiga falon. Ya daina leƙa ɗakin Inna da tsokana. Da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce ina kwana, kamar baƙo, ya tashi. Ta jefa masa magana, ya ce to. Ba a yi nisa ba takalmansa suka sake ɓacewa daga ƙofar masallaci, kuma yanzu ya fi da daɗewa a waje.

Na tare shi a zaure na ce ba ga sabon yadi na sa ba, me kuma yake so?

"Mama, in na dubi bangon ga ita nika gani kwance. Kuma ni aka ce mata kullum yaushe za ta tahi."

Wannan karon ko muciyar ban nema ba, don na san ba taurin kai ke fitar da shi ba. Na koma tsayuwar tsakar gida da sauraron babura. Ga majigi, ga yadi, ga batir cike da wuta, ga ɗana a bakin gari. An gudu ba a tsira ba.

Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe a madafa na ji ana jan wani abu mai nauyi a falo. Na leƙa, sai da rariyar ta faɗi daga hannuna. Inna ce ta mirgino turmi ta kife shi, ta hau kai da ƙafafun nan nata masu ciwo, hannu ɗaya a bango, ɗayan yana kwance igiyar sabon yadina. Nata yana ajiye a kan kujera. Na ruga na riƙe ta ina salati.

"Sake ni, ba hwaɗuwa za ni yi ba. Kira min maigidana."

Yana ɗaki yana shirin fita. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta sauko da ƙyar, ta zauna, ta nuna masa yadin da haɓa.

"Wanke hannunka ka rataya shi."

"Inna, ba ni iyawa."

"Kana iyawa. Ni da za a naɗe ciki ban ji tsoro nai ba, sai kai?"

Na buɗe baki zan yi magana ta ɗaga mini hannu. Ya je ya wanko hannu, ya hau turmin ya ɗaure igiyar, yana kawar da fuska. Ta ce a rufe taga a kunna. Aka kunna, filin ƙwallo ya cika bango. Ta ce a kashe. Aka kashe.

"To ku duba. Ina tabo?"

Yadin yana nan fari tas, sai ɗigon lallenta.

"Haske na, bisa yaka wucewa," ta ce. "Zamzam kau cikin zare yash shiga, babu mai hidda shi. Yadin ga shekara da shekaru shina cikin adaka, ba shi tsare kowa sai kyankyasai. Ran da nig ga uwarku za ta yi kuka gabanku, nic ce to bari shi yi aiki tun ina gani. Inda za mu ni da shi babu hayaniya. Ku bar shi shi ji taku tukuna."

Ta juya ga yaron, ta kama hannunsa ta jawo shi ƙasa kusa da ita.

"Kai kuma saurara. Ubanka kullum shina bisa hanya, kuma ka san ba a jiran kowa da gawa. Ran da za a sauke yadin ga, kai nika so ka sauke shi. Ba ni son a tahi neman ka bakin gari ina kwance ina jira. Ka ji?"

Ya gyaɗa kai, hawaye yana ɗiga a kan hannunta.

"Kuma mi yas sa ka daina neman gumba? Ko ka ƙoshi?"

Ya yi wata dariya da ta haɗu da kuka, ya share hanci da bayan hannu. "Ke ɗin ta ba ki da niyya, tsohuwa."

"Yawwa. Yanzu na ji mijina."

Ban ce na yarda da abin a raina ba. Har yau in na tuna tsigar jikina tana tashi. Na daɗe ba na iya cin komai a falon, kuma in zan wuce gaban yadin sai na sami kaina ina rage tafiya. Abu ɗaya na kafe a kai, na ce fim mai rawa ba za a ƙara sa shi a kan wannan yadi ba. Inna ta yi ta mita, ashe su ta fi so bayan na teku. Da maigidan ya dawo ya ji labari ya shiga ɗakinta da faɗa, ya fito shiru. Hajiya Ƙarama ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, daga baya ta huce. Mutanen unguwa sun yi maganarsu, sun gaji sun bari, 'ya'yansu kuma ba su fasa zuwa ba, sai dai yanzu kowane yaro da kansa yake tsayawa a bakin randa ya wanke hannu kafin ya shiga.

Yaron bai ƙara kai magariba a waje ba. Ya gama sakandare, gemu ya fito masa, ya fara bin ubansa gonakin albasa yana ɗinke buhuna, amma ya ƙi bin mota zuwa kudu. Uban ya yi faɗa, yaron ya ce shi dai a bar shi a gida. Ni na san dalili, Inna ma ta sani, ba mu taɓa zancen ba.

Wata rana da hantsi Inna ta tafi. Ta sha kununta, ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta. Kafin in dawo daga kiran mai allura an gama. Maigidan yana can kudu da lodin albasa, ko tashi sama zai yi ba zai iso ba. Liman ya ce bayan azahar. Gida ya cika da mata, masu wanka suka shiga ɗakinta, ɗaya ta leƙo ta ce a kawo likkafani.

Na shiga falo da almakashi a hannu, idona ya rufe da hawaye, ina tunanin yadda zan bi ɗinkin nan mai tsawo ɗaya bayan ɗaya in tsinke ba tare da na huda yadin ba, ga mutane suna jira. Na tarar da babban yaron a ciki. Ya riga ya wanke hannu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya kwance igiyar ya shimfiɗa yadin a tabarma. Na miƙa masa almakashin, ya girgiza kai. Ya bi bakin ɗinkin da yatsa har ya sami ƙullin ƙarshe, ya kwance shi da farce yadda suke buɗe buhu, ya ja zaren.

Ɗinkin ya zare daga wannan kusurwa har waccan, bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Kafin in sauke numfashi yadin ya koma dogonsa, kamar ranar da Inna ta fito da shi daga adaka. Na tsaya da almakashi a hannu bakina a buɗe. Tun ranar farko, tana zaune a tabarmar nan tana ƙin kekena, ta san da wannan hantsin, ta kuma ɗinka shi yadda ba zai ɓata wa kowa lokaci ba.

Ya ninke shi a hankali ya rungume, ya ratsa tsakiyar mata har bakin ɗakinta na kusa da rijiya. Ba a aiki kowa nemansa ba. Ya durƙusa ya miƙa yadin ta ƙarƙashin labule.

"Tsohuwa," ya ce, "ga shi. Ina gida."